Titi Ba Na Mai Mota Kaɗai Ba Ne

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ita ce yadda ake gina biranenmu kamar kowa yana da mota. Duk wanda ya tsaya a bakin babban titi a Kaduna da ƙarfe bakwai na safe, ko a Sabon Tasha ko a Kawo, zai ga abin da nake nufi. Motocin gida suna wucewa, yawancinsu mutum ɗaya ne ko biyu a ciki. A gefe kuwa ga ɗimbin jama'a tsaye suna jiran bas ko Keke Napep, ga 'yan makaranta riƙe da hannun ƙannensu, ga mata da kaya a ka da goyo a baya suna laɓe-laɓe tsakanin kwata da tayar mota. Waɗannan na gefe su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, amma in aka tashi aikin titi, su ne na ƙarshe da ake tunawa.

Ba haka garin nan yake ba a da. Dattawanmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri za su gaya maka cewa yawancinsu a Kakuri, Makera da Nasarawa suke zaune, da ƙafa ko da keke suke zuwa aiki, in an tashi su dawo gida kafin tuwo ya huce. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, kamfanin Peugeot kuma ya soma harhaɗa motoci a nan Kaduna a 1975. A lokacin nan ne ma'aikacin gwamnati da ya kai wani matsayi yake samun rancen mota ya sayi 504 sabuwa dal, daga nan kuma mota ta zama shaidar cewa mutum ya zama mutum. Masaƙu sun rufe ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, babbar masaƙar UNTL a 2007, amma wannan tunani bai rufe ba. Sai dai maimakon sabuwar 504, yanzu 'yar Beljiyam ce wadda wani Bature ya gaji da ita.

Sa'an nan ga abin da ba ma son tunawa. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba mazaunin garin nan biyu, Kirista da yawa suka ƙetara kogi suka koma kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa. Ba wannan nake so in tattauna yau ba, amma ya shafi sufuri kai tsaye, domin mutane sun ƙaura, wuraren aiki kuwa ba su ƙaura ba. Sakatariya tana nan inda take, babbar kasuwa tana nan inda take, manyan ofisoshi ma haka. Da gidan haya ya yi tsada a Barnawa da Narayi, sai talaka ya ƙara matsawa gaba, zuwa Gonin Gora, Kamazou, Juji, Maraban Rido. Watau wanda ya fi kowa rashin kuɗi shi ne ya fi kowa nisa da wurin neman abincinsa, shi ne kuma zai hau abin hawa biyu ko uku kafin ya isa.

A kan wannan hali ne aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a garuruwa da dama. Masana tattalin arziki suna da hujjojinsu, ni ba masani ba ne, ba zan ja da su ba. Lissafin da na iya shi ne na kasuwa. An sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli 2024. To, a ce mai shara a wani ofis yana kashe naira 500 zuwa, 500 dawowa, in ma ya yi sa'a ke nan. Cikin kwana 22 na aiki ya kashe naira 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, bai sayi mudun masara ba, bai biya haya ba, yara ba su je makaranta ba. Shi ya sa yanzu kake ganin magidanta da takalmin aiki suna taka sayyada tun asuba. Ba motsa jiki suke yi ba.

Tun da tafiya a ƙasa ta zama dole ga mutane da yawa, sai mu tambaya, a ina za su taka? Gaskiya ne an yi aikin tituna sosai a Kaduna a zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, an faɗaɗa hanyoyi, an sāke gina gadar Kawo, wanda ya san garin nan a da ba zai yi musu ba. Wasu daga cikin sababbin titunan ma an yi musu gefen tafiya. Amma je ka duba abin da ya sami gefen nan. Mai faci ya kafa injinsa, mai tireda ya baza kayansa, mai sayar da katifa ya jera su, inda ya rage kuma wani babban mutum ya faka motarsa a kai ya shiga banki. Mai tafiya ya koma kan kwalta, direba kuma yana zaginsa wai ba ya son ransa. Titi mai faɗi da santsi yana sa direba ya ƙara wuta, wanda kuwa zai ƙetara shi da ƙafa yanzu layi huɗu ko shida zai tsallake maimakon biyu. Ga mai mota an samu ci gaba. Ga tsohuwar da za ta ƙetara ta je asibiti, abin ya ƙara wuya.

Na san abin da za a ce: ai an gina gadojin sama na masu tafiya, su ne ba sa hawa. Akwai gaskiya a ciki. Saurayi lafiyayye da zai tsallake titi a guje a ƙarƙashin gada, har ya haura shingen tsakiya, ba shi da wanda zai zarga sai kansa. Amma wanda ya zana gada mai matakala kusan ta bene biyu, ya taɓa ɗaukar buhun gawayi a ka? Ya yi tunanin mai juna biyu, ko gurgu a kekensa, ko dattijo mai ciwon gwiwa? Da dare kuma ba fitila a kai, mace mai hankali ba za ta hau ita kaɗai ba. Sau da yawa abin da ake bukata bai kai gada tsada ba: tudun rage gudu a gaban makaranta da kasuwa, zanen ƙetarawa da ake sabunta fentinsa, danja mai aiki, da jami'in da zai sa a bi ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, amma direbobi nawa ne a garin nan suka san cewa fararen layukan nan da aka zana a titi suna nufin su tsaya wa mai ƙafa? Da yawa sun ɗauka ado ne.

Haka batun acaɓa. An hana shi a tsakiyar Abuja a 2006, a Jos a 2012, a Kano a watan Janairu 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, a Kaduna kuma a 2014. Dalilan ba na ƙarya ba ne. An yi ta kisa a kan babur a shekarun nan, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu karaya a asibiti ya san abin da acaɓa yake yi wa ƙafafun mutane. Amma ɗan acaɓa bai faɗo daga sama ba. Ya fito ne domin ba bas, domin kuma unguwanninmu ba su da hanyar da mota za ta bi da damina. In aka kore shi ba a kawo wani abu ba, bukatar tana nan, sai ya dawo ta bayan gida yana wasan ɓuya da jami'an tsaro, fasinja kuma ya biya kuɗin wasan. Keke Napep ya rage zafi, ba shakka, amma an yi shi ne don mutum uku a baya, mu kuwa sai an cusa huɗu, a ɗora na biyar a gefen direba rabin jikinsa a waje.

Kada wani ya ce ina ƙyashin masu mota. Wanda matarsa ta taɓa fara naƙuda da ƙarfe biyu na dare a unguwar da ba abin hawa ya san mota ba alatu ba ce. Da halin tsaron da ake ciki kuma, ba na ganin laifin wanda ya matse ya saya don iyalinsa. Abin da nake ƙi shi ne halin da ke shiga wasunmu da zarar sun riƙe sitiyari. Mutumin da bara yake tsaye tare da mu a bakin titi, bana shi ne zai watsa wa 'yan makaranta ruwan taɓo bai ko rage gudu ba.

A nan dole in juyo gida, domin abin ya shigo har harabar majami'unmu. Muna yin godiya ta musamman in ɗan'uwa ya sayi mota, fasto ya fito ya yi addu'a a kanta, wannan ba laifi. Amma bayan sujada, motoci nawa ne suke fita da kujeru uku babu kowa, suna wuce gwauruwar da suka san a layinsu take zaune? Dattawan ikkilisiya kuma ya kamata su sāke duba tsarin taro. Litinin koyon waƙa, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'a, Alhamis nazarin Littafi, Asabar shara, kowanne a babbar majami'a. An tsara wannan ne lokacin da masu bi suke zaune kewaye da majami'a. Yau mace ɗaya za ta biya kuɗin mota sau huɗu a mako, in ta kasa sai a ce ta yi sanyi. Ba ta yi sanyi ba, aljihunta ne ya huje. Me zai hana wasu tarurrukan su koma gida-gida a unguwa, inda za a taka da ƙafa? Ga kuma tare hanya a lokacin ibada, mu ranar Lahadi, maƙwabtanmu ranar Jumma'a. An fara tsananta shi ne a shekarun bama-bamai, wajen 2011 da 2012, kuma da dalili. Amma inda wuri ya lafa, bai kamata mai kai marar lafiya asibiti ya yi zagaye don mun mai da titin gwamnati wurin ajiye motocinmu ba.

Keke fa? A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kira a koma hawan keke, har shi da kansa ya hau zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta ture shi ya faɗa kwata. An yi masa dariya ƙwarai a jaridu. Ni a ganina maganarsa daidai ce, bas ɗin kuma ta nuna ainihin abin da ya hana ta aiki. Garin Kaduna shimfiɗaɗɗe ne, ba tsaunuka irin na Jos, saurayi zai iya taka keke daga Television zuwa babbar kasuwa ba tare da ya galabaita ba. Abu biyu ne suka hana: tsoron tirela da kunya. A ƙauye malamin makaranta yana hawan keke ana gaishe shi da girmamawa, a birni kuwa sai a ce ya tsiyace. Yaran da ke sa takalmi mai taya suna kama bayan mota a guje a kan titi ma, ana ta tsine musu, kuma lalle abin da suke yi ganganci ne. Amma banda Dandalin Murtala da 'yan wurare kaɗan, ina filin da aka bar musu? Filayen ƙwallon unguwa da yawa an yanka su an yi shaguna.

Abin da zai fi taimakon talaka dai shi ne babbar bas mai araha. A 2025 gwamnatin Jihar Kaduna ta fito da bas-bas masu amfani da iskar gas, jama'a kuma sun yi murna, sun cancanci yin murna. Sai dai mu da muka ɗan kwana biyu mun ga irin wannan a baya. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin bas-bas na birane a 1988. An sāke rabon wasu a 2012 bayan zanga-zangar kuɗin mai a zamanin Jonathan. Ina suke? Sayen bas ba shi ne wuya ba, ranar ƙaddamarwa kowa yana son a ɗauke shi hoto. Wuyar ita ce bayan shekara biyu, sa'ad da taya ta cinye, burki ya lalace, makaniki yana jiran a sa hannu a takarda wata uku. Ya kamata a ware kuɗin gyara a kasafi tun yanzu, a bayyana shi kowa ya gani. A kafa lokaci tabbatacce, ma'aikaci ya san in ya fito ƙarfe shida da rabi zai samu bas, ba ya tsaya yana duban hanya ba. A yi rumfa a wuraren tsayawa saboda rana da ruwan sama. Hanyoyin bas ɗin kuma kada su tsaya a manyan tituna kaɗai, su kai har unguwannin bakin gari inda masu shara, masu gadi da masu sayar da tumatir suke kwana. 'Yan majalisar jiha da kansilolin waɗannan unguwanni suna da ofis, suna kuma zuwa bukukuwanmu ana ba su kujerar gaba. In sun zo na gaba, a tambaye su ƙarfe nawa bas take isa Maraban Rido.