Filin Wasanni: Philipp Petzschner, Manyan Kofuna Biyu Da Tabo Ɗaya

Duk wanda ya saba bin labarin wasan tanis ya san cewa ranar da 'yan ɗai-ɗai za su yi wasan ƙarshe ba a samun masaka tsinke a fili, amma da zarar an ce 'yan bibbiyu ne za su shigo, sai 'yan kallo su fara zarewa da kaɗan-kaɗan. To, a cikin wannan sashe da jama'a ba su cika kula da shi ba ne wani Bajamushe mai suna Philipp Petzschner ya yi suna, har ya ɗauki kofuna biyu daga cikin manyan kofuna huɗu na duniya kafin ya yi ritaya a shekarar 1984 da ɗori talatin da huɗu, watau 2018. Labarinsa abin a tsaya a duba ne, domin yana nuna yadda amana take ɗaga ɗan wasa, da kuma yadda maki guda tak yake iya bin sunan mutum har bayan ya bar fage.

An haifi Petzschner a garin Bayreuth da ke jihar Bavariya ta ƙasar Jamus a shekarar 1984. Kamar sauran samarin da ke shiga wannan sana'a, da wasan ɗai-ɗai ya fara neman suna. A shekarar 2008 ya ba mutane mamaki a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, inda ya faro tun daga wasannin share fage, ya yi ta ka da na gaba da shi har ya doke Gaël Monfils na Faransa a wasan ƙarshe. A shekarar 2009 ya kai matsayi na 35 a jerin gwanayen duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma a ƙasar da ta haifi Boris Becker da Steffi Graf, na 35 ba ya sa a tsai da hira.

Gasar Wimbledon ta shekarar 2010 ita ce ta nuna masa iyakarsa, kuma ita ce ta buɗe masa ƙofa. A zagaye na uku ya gamu da Rafael Nadal na ƙasar Sifen, wanda a lokacin shi ne na ɗaya a duniya. A irin wannan gasa wanda ya riga cin turmi uku cikin biyar shi ne da nasara. Nadal ya ci turmin farko, Petzschner ya ci na biyu da na uku, har mutane suka fara gyara zama. Sa'an nan Nadal ya farfaɗo ya kwashe biyun ƙarshe da ci 6 da 2, da kuma 6 da 3, ya wuce har ya ɗauki kofin wannan shekara. Bajamushen ya fita daga wasan ɗai-ɗai, amma bai naɗe kayansa ba, gama yana da sauran aiki a wasan bibbiyu tare da Jürgen Melzer na Ostiriya.

Yana da kyau mai karatu ya san bambancin wasannin nan biyu. Tsawon fili ɗaya ne, ƙafa 78, amma faɗinsa a wasan ɗai-ɗai ƙafa 27 ne, a wasan bibbiyu kuwa ƙafa 36. Mutum ɗaya yana baya yana buga ƙwallo, abokinsa yana tsaye dab da raga yana jiran ya tare abin da za a mayar. Kafin kowane bugu sukan yi raɗa, ko na gaba ya yi ishara da yatsu a bayansa, don a san inda ƙwallo zai faɗa da wanda zai tsallaka gefe. Idan ɗaya ya ce zai tafi hagu, sai ɗayan ya bar masa hagu ba tare da waiwaye ba. Duk gwanintar mutum, in bai amince da abokinsa ba, za su yi ta karo a tsakiya suna barin gefe a buɗe. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a nan kuwa hannu biyun ma sai sun ɗaga a lokaci ɗaya.

Melzer bahago ne, Petzschner kuwa da dama yake wasa, saboda haka suka rufe wa juna gefe biyu na fili. Harshensu ɗaya, Jamusanci, kuma a farkon wannan shekara sun riga sun ɗauki kofi tare a birnin Zagreb. Duk da haka ba a sa su cikin jerin waɗanda ake sa wa rai a Wimbledon ba. Sai ga su a wasan ƙarshe, inda suka doke Robert Lindstedt na Suwidin da Horia Tecău na Romaniya da ci 6 da 1, 7 da 5, 7 da 5. Rabon wani Bajamushe da wannan kofi na maza tun shekarar 1992, sa'ad da Michael Stich ya ɗauke shi tare da John McEnroe na Amurka.

Shekarar 2011 ita ce ganiyarsa. Ya shiga cikin goma na farko a jerin 'yan bibbiyu na duniya, ya kai na 9. Ya ɗauki kofi a Rotterdam da Stuttgart tare da Melzer, ya kuma kai wasan ƙarshe na ɗai-ɗai a garin Halle. A watan Satumba suka isa wasan ƙarshe na babbar gasar Amurka a birnin New York, inda suka kara da Mariusz Fyrstenberg da Marcin Matkowski, dukansu 'yan ƙasar Polan. Sun ci su turmi biyu a jere, kowanne 6 da 2. Wanda ya ga wannan sakamako a takarda zai ce wasa ne mai sauƙi, ba wani abin faɗa. Amma a nan ne tabon yake.

A turmi na biyu, ana 2 da 2, sai ƙwallo ya bugi ƙwaurin Petzschner, ya tsallake raga, ya faɗa cikin filin 'yan Polan. Dokar tanis a fili take game da wannan: idan ƙwallo ya taɓa jikin ɗan wasa ko tufarsa, ba abin bugun da ke hannunsa ba, to ya rasa makin. Alƙalin wasa bai ga abin da ya faru ba. 'Yan Polan suka yi ƙorafi, Petzschner bai ce a mayar musu da makin ba, aka bar masa. Daga baya hoton talabijin ya nuna ƙarara cewa ƙafa ce ta mayar da ƙwallon. Daga wannan wuri 'yan Polan ba su ƙara ci ko ɗaya ba har aka tashi.

Ana iya yi masa uzuri. Hukunci a hannun alƙali yake, kuma a kusa da raga ƙwallo yana zuwa kamar ƙiftawar ido. Ana iya cewa kuma, bisa ga yadda wasan yake tafiya, da makin da babu makin su ne za su yi nasara. To amma wannan uzuri na biyu shi ne ya fi ƙara wa abin nauyi, gama in har nasarar tana hannu, me zai hana a saki maki ɗaya?

Jamusawa da kansu suna da misalin da za su auna wannan da shi. A shekarar 1935 ƙasarsu ta kara da Amurka a filin Wimbledon a gasar kofin Davis, wadda ƙasashe ke yi, kuma wanda ya ci shi ne zai je ya ƙalubalanci Ingila mai riƙe da kofin. A wasan bibbiyu Gottfried von Cramm da Kai Lund suna neman maki ɗaya su gama da Wilmer Allison da John Van Ryn. Lund ya buga ƙwallon da kowa ya ɗauka ya rufe wasa, sai von Cramm ya gaya wa alƙali cewa ƙwallon ya shafi abin bugunsa kafin ya isa wurin abokinsa, watau makin na Amurkawa ne. Babu wanda ya ga haka sai shi kaɗai. Jamus ta faɗi a wasan, ta fita daga gasar, kuma ba ta ɗauki kofin Davis ba sai a shekarar 1988. Von Cramm ya kai wasan ƙarshe na ɗai-ɗai a Wimbledon sau uku a jere, daga 1935 zuwa 1937, bai ci ko ɗaya ba, amma har yau in ana maganar mutunci a fagen tanis sunansa yana cikin na farko da ake kira. Wani abin lura shi ne, kofin bibbiyu na Amurka da Petzschner ya ɗaga a 2011, von Cramm ya ɗaga shi a 1937 tare da Henner Henkel.

Bayan New York raunuka suka yi ta damun Petzschner, ya yi shekaru ba kofi. Bai karaya ba, ya tattara ƙarfinsa ga wasan bibbiyu, ya dawo ya ci kofi ɗaya a shekarar 2014, ya ƙara wani a 2017. A 2018 ya ɗauki na ƙarshe a gida, a filin ciyawa na Stuttgart, tare da ɗan ƙasarsa Tim Pütz. Waɗanda suka doke a wannan rana su ne Lindstedt da Matkowski, watau mutum guda daga wasan Wimbledon da mutum guda daga wasan New York. Da wannan kofunansa na bibbiyu suka cika takwas. Shekara guda bayan ritayarsa Kevin Krawietz da Andreas Mies suka ɗauko wa Jamus kofin Faransa, suka kuma maimaita a 2020.

Ba wanda zai ƙwace wa Petzschner abin da ya samu da guminsa. Ya gane inda ƙarfinsa yake, ya sami abokin da ya amince da shi, ya kai inda 'yan wasa dubbai suka nema ba su kai ba. Sai dai amanar fage ba ta tsaya tsakanin mutum da abokinsa kaɗai ba, tana tsallake raga ta kai ga abokin karawa. Yara masu tasowa a wannan wasa, da ma kowane wasa, su riƙe labaran mutanen nan biyu tare. Ɗaya ya saki maki ya rasa wasa, ɗaya ya riƙe maki ya ɗauki kofi, kuma duk sa'ad da aka ambaci wasan ƙarshe na New York na shekarar 2011, da wuya a gama magana ba a tuna da ƙwauri ba.