Mai Gudun Nesa Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Kowace shekara idan lokacin gasar gudun daji tsakanin gidaje ya zo, abu ɗaya muke gani. Da an busa usur sai ɗalibai su kwasa a guje kamar an koro su, amma kafin a ci kilomita 2 rabinsu sun dafe kwiɓi suna haki a gindin itace. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba yadda masu gudun nesa na gaske suke shiri, ko ma samu abin koyi.

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. To, akwai waɗanda wannan bai ishe su ba. A Afirka ta Kudu ana yin gasar Comrades tsakanin Durban da Pietermaritzburg, tafiyar kusan kilomita 90 mai hawa da gangara. Wani tsohon soja, Vic Clapham, shi ya kafa ta a 1921 don tunawa da 'yan'uwansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum 34 suka tashi a ranar farko, 16 suka kai. Sai a 1975 aka yarda baƙar fata da mata su shiga a hukumance, kuma a 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya ci. Ma'anar sunan gasar ma ita ce abokan gwagwarmaya.

Wasu suna cewa gudu wasan mutum ɗaya ne, tun da ba wanda zai ara maka ƙafa. Mu ba mu yarda ba. Wanda ya ƙudura niyyar irin wannan gasa yakan yi watanni yana horo. A ƙarshen mako yakan yi sa'a 4 ko 5 a kan turbar daji, cikin duwatsu da kwazazzabai. Idan ya gurɗe a can, ko ruwansa ya ƙare rana na tsaka, wa zai cece shi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na biyu, aboki shi ne ma'aunin sauri. Masu koyar da gudun nesa suna ba da shawara a yi yawancin horo a hankali, yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi. In numfashi ya hana ka magana, ka yi sauri da yawa. Ko gwanaye sukan taka da ƙafa a hawa mai tsanani don su adana ƙarfi. Saboda haka ƙanen da yake jan ƙafa a bayanka ba ɓata maka lokaci yake yi ba, yana hana ka ƙone kanka ne tun da wuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu shirya manyan gasa sun san haka. A gasar Western States ta Amurka, mai tsawon kilomita 161 cikin duwatsun Kaliforniya, ana yarda aboki ya raka ɗan gasa daga wajen kilomita 100. Iyali kuma sukan jira a tashoshi da abinci da busasshiyar safa. Lamba ɗaya ake bayarwa, amma hannaye da yawa ne suka ɗauko ta.

Ba mu ce babu matsala ba. Wani abokin yakan mai da horo gasa, ya ja ka har ka ji ciwo. Haka kuma mai gudun da yake ɓacewa kowace Asabar, ya bar wa ƙannensa shara da ɗiban ruwa, yana cin amanar gida. Maganin abin shi ne tsari: gajeren gudu tare da ƙanne da yayye, dogo tare da tsara masu hankali, aikin gida kuma a gama shi kafin a ɗaura takalmi.

'Yan'uwa ɗalibai, ba muna tura ku gudun kilomita 90 ba ne. A Comrades ma sai wanda ya kai shekara 20 ake karɓa. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ku fita uku-uku ko huɗu-huɗu da sassafe, da sanin malamin gida. Ku riƙe ruwa, ku ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako, ku ware ranar hutu, kada kuma ku bar na baya shi kaɗai a daji. Iyaye da malamanmu, ranar gasa ku fito bakin hanya. Yaron da ƙafarsa ta mutu, in ya ji an kira sunansa, yakan ƙara kilomita guda.