Wa ya biya kuɗin Tiga?

Da zarar an tashi maganar raya karkara a Arewa, dam ake fara ambata. A tare kogi, a ja magudanar siminti, a noma alkama da tumatir, shi ke nan an ci gaba. Ruwan da ya gangara ya malale fadama kuwa, a idon masu tsara kasafi, asara ce. Wannan lissafin dokin rano ne.

A dubi kogin Haɗeja. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, na Challawa ya biyo baya a 1992. Manoman Kadawa da Kura sun amfana, ba mai musu. To, wa ya biya? Mutanen fadama, daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa. Ambaliyar da ke zuwa kowace damina ta janye ta bar laka, ita ke ba su shinkafa da kifi, da itace da kaba, da ɗanyar ciyawar da shanu ke rayuwa a kanta da rani. Ita kuma ke cika rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Da aka tare ta, ruwa ya daina zuwa a kan lokacinsa, kogin ya daina bushewa da rani. Kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa har kwale-kwale ba ya ratsawa, tsuntsun jan-baki kuma ya yi sheƙa a ciki yana wawashe amfanin gona.

Kada wani ya ce ba a sani ba. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arzikin muhalli Edward Barbier da abokan aikinsa suka ƙiyasta abin da fadamar ke samarwa, suka kwatanta da noman rani na Kano. Ruwa daidai da ruwa, fadama ta fi kawo riba nesa ba kusa ba. Duk da haka, kakar zaɓe ba ta cika wucewa ba tare da an tayar da zancen dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are ba, kogin da fadamar ta fi dogara da shi yanzu.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Dam yana da kwangila da bikin buɗewa da allo mai sunan gwamna. Bandar kifin da masunci ya kai kasuwar Nguru ba ta shiga littafin kowace ma'aikata, don haka ranar da ta ɓace babu ofishin da zai rubuta cewa ya yi asara. Kafin a sake tare wani kogi, a fara rubuta kifin nan da nonon shanun nan da naira a takardar kasafi, a shafi ɗaya da alkamar.