Shawarar da ke biyo ruwa, wani lokaci ta biyo dabba

Kowa ya san shawara a ƙauye. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ya mutu, mutum ya ƙi abinci, yana amai. Amma shawara iri-iri ce. Akwai wadda lokotoro ke ce wa ciwon hanta mai harafin E. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani. Ta baki take shiga, ta je ta zauna cikin hanta. Tana yin sati 2 har zuwa sati 10 kafin ta nuna kanta. Shi ya sa mai ciwon ba ya tuna inda ya ɗauko ta.

Makiyaya suna tambaya: ko dabba tana ba mutum wannan ciwo? Amsa ita ce i, tana iya ba shi. A Turai alade ne babban mai ɗauke da ƙwayar, mutane kuma suna kamuwa in sun ci hantarsa ba ta dahu ba. A Japan, cikin 2003, wasu sun kamu bayan sun ci ɗanyen naman wata irin barewa. Ana samun ta jikin zomo ma.

Labarin da ya fi shafar makiyayan Nijar shi ne na raƙumi. Cikin 2014 masu bincike suka gano irin wannan ƙwaya jikin raƙuman Dubai. Cikin 2016 aka ba da labarin wani mutum na ƙasar da ya kamu da ita. Ya saba cin naman raƙumi da shan nonon taguwa. Gaskiya ne an yi masa dashen hanta, jikinsa ba ya da ƙarfin kare kansa. Duk da haka ya nuna hanyar a buɗe take. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar ba ta nuna alama. Tana ci, tana sha, tana ƙiba, mai ita ba ya ganin kome.

To, kada wani ya tsani garkensa don wannan. Maganin abin wuta ce. Nonon da aka tatso a tafasa shi, balle in mai ciki ko mara lafiya za su sha. Hanta kuwa a bar ta ta dahu har ciki, sai ja ya ɓace. Masu son hantar da ta ɗan ga wuta kawai ran Layya, su ƙara haƙuri. Mahauci da mai fiɗa su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.

Amma a ƙasar nan babbar hanyar ciwon ba dabba ba ce, kashin mutum ne. Wani ya zagaya bayan gari, ruwan sama ya kwashi ƙazantar ya zuba tabki ko rijiyar da ba ta da baki. Gobe mata su ɗebo, gida duka ya sha. Haka aka gani a jihar Difa cikin 2017, inda ƴan gudun hijira suka taru, ruwa kaɗan, salga kaɗan. Mutane da yawa suka kwanta. Mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki.

Nan ne zafin abin yake. Namiji mai ƙarfi yakan warke da kansa cikin sati 2 zuwa 6. Mace mai tsohon ciki ba haka ba. Cikin masu ciki 5 da ciwon ya kama a watanni 3 na ƙarshe, yana iya kashe 1, wani lokaci fiye. Sau da yawa cikin ma yana zubewa. In idon mai ciki ya yi rawaya, ba lokacin jiƙa sassaƙe ba ne. A sa ta amalanke a kai ta likita ran nan. Maigida ne zai ba da izini da kuɗin hanya, kada ya ce a jira ranar kasuwa.

Ruwan tabki ko na rijiya maras marfi, a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar Aquatabs yadda ma'aikacin lafiya ya gwada. Guga da igiya kada su kwana ƙasa inda bisashe ke tattakawa. Kwamin shayar da dabbobi a ja shi nesa da bakin rijiya. Randa a rufe ta, moɗa guda ta ɗiba, ba wadda kowa ke kai wa baki ba.