Zauren Malam: Ku Nuna wa Yara Sama

Ga sanyi ya shigo Jidda, sama ta washe, don haka yau zancenmu na taurari ne.

Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Barno da ƙafa, suka ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, sun san sama kamar tafin hannunsu. Da Gamzaki suke sanin asuba ta yi kusa, da Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, suke lissafin damina da rani. Malamai kuwa sun rubuta manzilolin wata 28 da ajami. To, yau tambayi yaron makarantar allo ina Kaza take, sai ya yi maka zuru. Fitilun gari sun rufe masa sama, mu kuma manya mun yi sakaci.

Ga abin da za ku nuna musu. Daga Disamba zuwa Maris, bayan lisha, akwai taurari uku jere reras a cikin burjin da ake kira Jauza'u. Kusa da su, wajen kudu, akwai wani ɗan haske dishi-dishi kamar hazo. Masana falaki sun tabbatar gajimare ne na iska da ƙura, faɗinsa ya wuce misali. A cikinsa iskar ke curewa, nauyinta ya danne ta, ta yi zafi har ta kama ci, ta zama sabon tauraro. Watau halitta ba ta tsaya ba, ana yi muna kallo. Haskensa kuwa sai ya yi tafiyar shekara wajen 1,300 kafin ya iso mu. Wanda ke shiga idonmu yanzu ya taso tun zamanin Banu Umayya. Allahu Akbar!

Wani zai ce wannan ilmin Turawa ne, ina ruwan ɗan takari? Sannu dai. Gaskiya ne Gagarin na Rasha ya fara kewaya duniya ran 12 ga Afrilu 1961. Amma ran 17 ga Yuni 1985, ƙarshen Ramadan, Yarima Sultan ɗan Salman ya tashi daga Amurka cikin kumbon Discovery, ya zama Musulmin farko da ya je can. Bayan shekara 38, ran 21 ga Mayu 2023, Rayyana Barnawi, haifaffiyar nan Jidda, mai binciken cutar daji, ta tashi zuwa tashar sararin samaniya, ita ce macen farko daga ƙasar nan. Sunan Barnawi kuwa ba sai mun fassara wa mutanen zango ba, kowa ya san nisba ce ga Barno. Da karatu ta kai can.

Sai dai mu rarrabe. Duba da taurari don faɗin gaibu haramun ne, ba mu tare da shi. Sanin tafiyarsu don gane alƙibla da lokutan salla da tsayuwar wata kuwa aikin malamai ne tun fil'azal.

Saboda haka muna roƙon iyaye, kowane ya samu dare guda marar farin wata, ya fitar da 'ya'yansa maza da mata bayan gari, inda fitilu suka ƙare. Kada a bar tsofaffinmu a gida, su ne suka san sunayen da Hausa, in sun tafi da su shi ke nan. Allah ya sa mu dace, amin.