Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Arewa: Ku Karɓo Wa 'Ya'yan Talakawa Kuɗin Karatunsu

Masu girma Gwamnonin jihohin Arewa 19,

Na rubuto muku ne a kan wata dukiya da doka ta ware wa yaran da iyayensu ba su da halin kai su makarantar kuɗi, dukiyar da sau da yawa takan kwana a Abuja saboda jihohi ba su je sun ɗauko ba.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba 1999, kuma a 2004 ya zama doka. Dokar ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta damƙa wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi yana da sharaɗi guda: jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ta kai tsarin ayyukan da za a yi, sannan a sakar mata. Hausawa sun riga sun faɗa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowace naira da jiha ta ajiye, naira biyu ce za ta isa makaranta.

Duk da haka, a ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya bayyana cewa sama da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jihohi ba su karɓa ba. Wannan ba sabon ciwo ba ne. A zamanin Ministan Ilimi Adamu Adamu sai da gwamnatin tarayya ta cire kason jihohi daga rarar kuɗin biyan bashin Paris Club da aka mayar musu kafin a biya bashin da ya taru. Gaskiya ne laifin bai tsaya a Arewa ba, akwai jihohin Kudu da suka fi jan ƙafa, kuma a cikinku akwai waɗanda ke biya a kan kari. Sai dai jinkirin ya fi yi mana illa fiye da kowa. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, hukumar UNESCO kuma a 2022 ta kai adadin kusan miliyan 20, kuma mafi yawansu namu ne.

Ranku ya daɗe, uzurin rashin kuɗi ya yi rauni tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Abin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, talaka kuwa shi ya biya farashin a kasuwa da tashar mota. Idan akwai hanyar da za a rama masa, ajin da ɗansa zai zauna ne. Ga shi kuma kuɗin da aka bari ya kwana darajarsa zubewa take yi: abin da zai gina ajujuwa shida a 'yan shekarun baya, yau da ƙyar zai gina rabinsu, ganin yadda siminti da kwano suka yi tashin gwauron zabo.

Karɓo kuɗin rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne inda za a kai shi. Kowa ya san makarantar bakin titi da ake yi wa fenti duk shekara don masu wucewa su gani, alhali ta cikin ƙauye iska ta kwashe rufinta tun damina uku, yara na zaune a ƙasa, malami ɗaya na riƙe da aji 1 zuwa 6. Makarantar da babu rijiya babu bayan gida, yarinya tana fara girma iyayenta za su zaunar da ita, tallan gyaɗa ya ci gaba. A irin waɗannan wurare ne ake karɓar kuɗin alli, kuɗin tsintsiya da kuɗin jarrabawa, ko da yake dokar 2004 ta haramta karɓar ko kwabo, har ta yanke tarar da za ta iya kai naira 10,000 ko ɗaurin wata 3. Naira ɗari biyu ba komai ba ce a wurin mai albashi, amma manomi mai 'ya'ya bakwai takan sa ya zaɓi wanda zai tura da wanda zai bari a gona.

Mun kuma ga abin da gini ba kulawa yake haifarwa. Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da aka gina a zamanin Shugaba Jonathan, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, an miƙa su ga jihohi, da yawansu suka lalace saboda babu abinci, babu malamai, babu mai gyara.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa huɗu. Na farko, ku sa kason UBEC cikin abin da ake fara cirewa daga kuɗin wata, kamar albashi, kada ya jira ragowa. Na biyu, ku umarci SUBEB ta fara da mazaɓun da suka fi yawan yaran da ba sa makaranta, har da sansanonin 'yan gudun hijira da rugagen makiyaya, kafin a waiwayi cikin gari. Na uku, a riƙa karanta jerin ayyuka a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu: sunan makaranta, aikin da za a yi, nawa aka ware, wane ɗan kwangila. Kwamitin makaranta da mai unguwa da limami su sa hannu kafin a biya kuɗin ƙarshe. Na huɗu, ku haɗa kai da 'yan majalisunmu na tarayya a sake duba rabon kuɗin UBEC mai sharaɗin nan. A yanzu daidai wa daida ake raba wannan kaso tsakanin jihohi 36 da Abuja, Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana samun abin da Bayelsa mai 8 ke samu. Adalci shi ne a duba yawan yara da zurfin talauci. Amma ba za ku iya neman ƙari da bakin ƙarfi ba alhali na hannu bai gama karɓuwa ba.

Masu girma, amanar waɗannan yara a wuyanku take, kuma Allah zai tambaye ku. Kafin a rufe kasafin kuɗin bana, kowannenku ya biya kasonsa, ya karɓo na Abuja, ya faɗa wa jama'arsa ƙauyukan da aka kai shi.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin firamare