Ka Shiga Da Sunanka Na Gaskiya



Duk lokacin da labari ya bazu a WhatsApp cewa ana ɗaukar ma'aikata a masana'antar ƙera makamai ta Kaduna, ko an buɗe shafin shiga soja, mukan ga matasanmu na Ƙafin Maiyaki, Bebeji, Tudun Wada har Doguwa suna ta kai da kawowa da fayil a hammata. Babu laifi a neman abin kai. Noman damina ɗaya ba ya riƙe gida shekara, ga takardar makaranta kwance a akwati. Amma akwai tambayoyi biyu da ake kawo mana a asirce bayan sujada, mun ga ya kamata mu amsa su a fili.

Ta farko: mai bi zai iya aiki inda ake ƙera bindiga da harsashi?

Masana'antar da ake magana a kai ita ce DICON, ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1964 a Kakuri, Kaduna, da taimakon kamfanin Jamus mai suna Fritz Werner. A ƙarshen 2019 aka ƙaddamar da motar sulke mai suna Ezugwu wadda tana da hannu a ƙerarta, a 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar da ta ba ta damar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Wuri irin wannan yana buƙatar injiniya da mai walda da mai gyaran lantarki da akawu da direba.

Masu bi ba su taɓa zama baki ɗaya a kan wannan tambaya ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta gaji koyarwar ƙin yaƙi, muna kuma girmama su. Dukanmu muna jiran ranar da annabi Ishaya ya hango a sura 2, sa'ad da za a mayar da kayan yaƙi kayan noma. Amma a Luka 3:14, da sojoji suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai kore su daga aikinsu ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya umarce su su gamsu da albashinsu. Mu da muka san fargabar ratsa dajin Falgore da dare a shekarun da 'yan fashi suka addabi hanyar, mun san amfanin soja mai kayan aiki nagari. Ra'ayinmu shi ne aikin halal ne. Wanda lamirinsa ya hana shi, kada ya je, kada kuma mai zuwa ya raina shi.

Tambaya ta biyu ta fi damun mu: "Fasto, in na rubuta Bulus ko Rahila, na kuma ce daga Kano nake, za su yarda?"

Mun san abin da ke bayan wannan tambaya. Aikin gwamnatin tarayya ana raba shi bisa jiha da ƙaramar hukuma, don haka sai da takardar shaidar asali. Kirista Bahaushe yakan sha kallon mamaki: a gida a ce sunansa na baƙo ne, a waje a ce garinsa ba na Kirista ba ne. Daga nan masu shawara sukan fito. Wani ya ce ka sauya suna na rana ɗaya. Wani ya ce ka sayi takardar wata jiha. Wani ya ce ka je kotu ka yi rantsuwa ka rage shekara huɗu. Wani kuma ya ce yana da hanya, ka tura kuɗi kawai.

'Yan'uwa, kada ku yi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a wurin da tsaro ne sana'arsu. Masu tantancewa sukan jera takardar firamare da ta WAEC ko NECO da lambar NIN, su duba ko suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Ƙaryar da ta wuce ranar intabiyu tana nan a fayil, za ta iya tashi bayan shekara goma, lokacin da kake da mata da 'ya'ya. Game da kuɗi kuma, rundunar soja ta sha sanarwa cewa neman shiga kyauta ne. Wanda ya ce ka sayar da buhunan masararka ka tura masa, ɗan damfara ne, ko da ya ambaci sunan wani babban hafsa.

Amma ko da an tabbatar maka ba za a kama ka ba, amsarmu ba ta canja ba. Aikin makamai aikin awo ne. Harsashin da ya kauce wa ma'auni kaɗan yakan maƙale a bindiga a daidai lokacin da ran wani yake bisa kanta, wataƙila ɗan ikkilisiyarmu ne da ya fito daga Depot na Zariya. Hannun da ya saba sa hannu a kan shekarun ƙarya ba zai yi nauyi wajen sa hannu a kan awon ƙarya ba. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Ubangiji yake ƙyamar ma'aunin zamba.

Ku karanta Daniyel sura 1. Samari huɗu ne aka horar shekara uku, sa'an nan aka tsayar da su gaban sarki ya yi musu tambayoyi. An laƙaba musu sunayen Babila, amma ba su ne suka roƙa ba, ba su kuma ɓoye Allahn da suke bauta wa ba. Abin da ya ɗaga su shi ne Allah ya ba su sani, su kuma suka riƙe karatunsu har suka zarce kowa.

Don haka ku yi shiri. In akwai saɓanin suna a takardunku, ku gyara ta hanyar doka tun yanzu. In sana'ar hannu ce, ku koma ga maigidanku ku ƙara gogewa, domin mai walda da ɗinkin ƙarfensa ake gane shi. Ku kwana a Kaduna tun jajibere maimakon tsayuwar jiran mota a Kwanar Ɗangora da asuba. In an tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ku kuma san haƙƙinku: sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. In an hana ku takardar asali, ku zo mu tafi tare da dattawan ikkilisiya, mu bi ta mai unguwa da dagaci da hakimi cikin ladabi da naciya.

Ba mu yi muku alkawari cewa gaskiya za ta ba ku aikin ba. Wani zai je da gaskiyarsa ya dawo hannu rabbana, wani ya shige da ƙarya. Wannan yana da zafi, ikkilisiya kuma ba za ta bar wanda ya dawo ya ɗauki zafin shi kaɗai ba. Amma sunan da aka kira ka da shi ranar baftisma ya fi ƙarfin a jinginar da shi saboda albashi.

Bari mu yi addu'a: Ya Uba, ka buɗe wa 'ya'yanka ƙofar abinci ta halal, ka ba su ƙarfin zuciya su tsaya da gaskiya a gaban masu tambaya. Cikin sunan Yesu, amin.